Wandon Kafilina

Jiya da la'asar Anas ɗan ƙanwata ya zo shago da abokansa biyu, ba don sayayya ba, don shan sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ɗaya ya haye tsohon sirdin nan da ke kan dokin katako yana lilo da ƙafafu, har yana tambayata ko faffaɗan tabo biyun da ke kansa ado ne. Ɗayan ya ɗauki hular kwano yana juya ta a yatsa. Shi ne ya ce mini, yana kirana baffa da Larabci, "Ya ammi, wannan ma sana'a ce? Mutum ya shigo, ka miƙa masa baƙar kwat da baƙin takalmi, halas." Na ce ya ajiye hular tukuna, don in ta bugi ƙasa sau ɗaya ba ta ƙara hawa kan ɗan mutane. Ya ajiye, suka yi dariya, suka koma kan wayoyinsu. To, ku samari, tunda ba ku da kunnen saurare, ga shi na rubuta muku. Wanda ya iya karanta Hausa a cikinku ya karanta wa sauran.

Ni ɗan dukawa ne daga Katsina, sunana Idrisu. Na zo aikin hajji da kawuna tun filin jirgin Jidda yana cikin gari, shi ya koma, ni na maƙale a unguwar Karantina. Na yi dako, na yi wankin mota, sannan na koma abin da na gada, na zauna ƙofar masallaci ina gyaran takalma. A nan wani dattijo ya tsaya a kaina wata rana yana kallon ɗinkina. Usta Bashir ke nan, Bahaushen Sudan, wanda ya koyi aikin sirdi a hannun Turawa tun yana saurayi. Ya karɓi takalmin ya duba, ya ga na yi masa ɗan ado da jan zare a gefe ba a tambaye ni ba, ya ce, "Hannunka yana da kyau, yaro, amma ɗinkinka ya cika surutu. Ka zo gobe in koya maka wanda ba ya magana."

Shagon yana cikin wata bargar dawaki a arewacin gari, kan hanyar Abhur, mallakar wani Balarabe da ake kira Abu Faisal. Masu zuwa kusan duk Turawan kamfanoni ne da matansu da 'ya'yansu. In zafi ya ɗan sassauta sai su shirya gasa irin ta ƙasarsu. Ba tsere ba ne, ku daina cewa tsere. A fili ake kewayawa, alƙali yana tsaye a tsakiya. Wani aji doki ake dubawa, wani aji zaman mahayi ake dubawa, wani kuma tsallake itatuwa ne, kuma kowane aji da kayansa. Aikinmu shi ne mutum ya shigo ya faɗi ajin da zai shiga, mu fitar da shi daga hula har likkafa ba tare da alƙali ya sami abin cewa ba.

Kuna ganin baƙar kwat ce kawai. To ba a auna kwat mutum yana tsaye. Sai ya hau dokin katakon nan, ya miƙa hannu yadda zai riƙe linzami, sannan ka ga inda hannun riga ya tsaya, ka ga ko bayanta zai shige ƙarƙashinsa ya zauna a kai. Wando ruwan madara ne, matsattse, kuma ba a yarda da ninki a cikin gwiwa ba, don ninki ɗaya ya isa ya saɓule fata kafin a gama zagaye. Takalmi har gwiwa. Hula in ka sa wa mutum sai ka ce ya girgiza kai. In ta motsa ba tasa ba ce, ko da ya rantse ita yake so. Sirdi kuwa ba mai doki ake tambaya ba, dokin ake tambaya. Ka ɗora masa babu shimfiɗa, ka zura yatsu ta gaba ka ji ko yana taɓa ƙashin doro, ka leƙa ta baya ka ga haske ya ratsa. Sannan fatar sirdi da ta linzami su zama launi ɗaya, babu tuntu, babu ja, babu kore. Ni da na tashi a gidan da in fata ba ta sha ado ba ake cewa ba a gama aiki ba, wannan ya fi komai ba ni wahala.

Usta Bashir yana da doka biyu, kuma bai taɓa gajiya da faɗarsu ba. Ta farko: "In alƙali ya tuna kayanka, ka faɗi." Ta biyu: "Sabo ba ya shiga fili." Mu dai mun saba, sabon kaya ranar Sallah ake ɓare shi. A wannan sana'a kuwa duk abin da zai shiga gasa sai an sa shi an sake sawa har ya yi laushi, ya san jikin mai shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dokar nan ta biyu ita ta ba ni aikina na farko. Wani Bature ya sayi dogon takalmi ana saura 'yan makonni gasa, ba shi da lokacin lallaɓa shi, ƙafarmu kuwa ɗaya. Usta ya shafa wa takalmin mai, ya ce in sa, in yi ta yawo da shi har ya karye a idon sawu. Da shi na hau bas, da shi na sauka Karantina, jallabiya a sama, takalmin soja a ƙasa. Na manta unguwarmu kunne gare ta. A lungunmu kowa silifa yake sawa, takalmi mai ƙwas-ƙwas kuwa na mutum ɗaya ne, ɗan sandan da ya zo tambayar iƙama, takardar izinin zama. Ina shiga lungu na ji ƙofofi suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai shayi ya bar tukunya a wuta, wasu samari suka haura katanga, wani maƙwabcina da ya yi wata guda yana cewa ƙafarsa ba ta taka ƙasa ya riga kowa isa saman rufi. Ni kaina da na ga ana gudu sai na kwasa, tunda ni ma ba takarda gare ni ba, ƙarar kuwa duk inda na yi tana bina. Sai da wata tsohuwa mai ƙosai ta leƙo ta gane ni. Abin da ta faɗa mini ba zan rubuta ba. Daga ranar, a bakin titi nake tuɓe shi in rataya a wuya.

Haka na koyi kayan aiki: basilla, zaren da ake ja cikin kakin zuma, wuƙar fiƙe fata, sabulun sirdi, ƙugiyar jan takalmi. Na koyi mutane kuma, wanda ya fi wuya. Akwai uwar da za ta ce a ba ɗanta takalmi babba don ya girma a ciki, sai ka lallashe ta har ta gane cewa ƙafar da ke yawo cikin takalmi ba ta san inda likkafa take ba. Akwai wanda zai ɓoye ciki lokacin awo, ya riƙe numfashi har idonsa ya yi ja; irin wannan sai ka ja shi da hira har ya manta ya saki, sannan ka zagaya tef. Akwai wani Bature da ya shiga ajin dawakin farauta, a garin da ko zomo ban taɓa gani ba, ya ce dole sai kwat ɗin ulu mai kaurin bargo, don haka ake yi a gida. Usta bai yi musu da shi ba. Ya sa na farke shafin ciki gaba ɗaya, na bar fuskar waje yadda take, na ɗinke bakin da hannu. Mutumin ya gama ajinsa a kan doki, abokin hamayyarsa da ya zo da tasa kwat daga Ingila a ƙarƙashin inuwa ya gama nasa, ana yi masa fifita.

Abu Faisal ya ga na zauna, ya zama kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, ya yi mini iƙama. Na auri Rakiya, haifaffiyar unguwar Nuzla, muka sami Hassan da ƙannensa mata biyu. Dukansu a jikin takardata suke, takardata kuwa a jikin shagon nan take.

Sai shekarar yaƙin Kuwait ta zo. Cikin 'yan makonni Turawa suka kwashe iyalansu, wasu ko sallama ba su yi ba, suka bar mana kwat da takalma a rataye. Gasa ta mutu. Sai mu wuni muna goge sirdin da muka goge jiya. Yaƙi ya ƙare, amma waɗanda suka dawo ba su taka kara sun karya ba, iƙamata kuwa ta kusa cika. Wata safiya Abu Faisal ya shigo da wani mutum, suna auna bango suna maganar inda za a jera tayoyin mota. Usta ya tsufa, yana da 'ya'ya a Sudan da za su karɓe shi. Ni fa? 'Ya'yana a Jidda aka haife su, ko hanyar Katsina ba su sani ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, har abinci ya daina yi mini daɗi.

Usta ne ya yi magana. Ya ce, "Ya Abu Faisal, Turawa sun tafi, amma dawaki suna nan, 'ya'yan abokanka suna nan. Ba sa shigowa ne don suna ganin abin na baƙi ne. In suka ga babban mutum ɗan ƙasa ya shiga fili, za su biyo."

"Wane babban mutum?"

Usta ya nuna shi da haɓa.

Abu Faisal ya haura hamsin a lokacin, ga tumbi Allah ya ba shi, kuma tun da ya girma ba wanda ya taɓa ganin siffar ƙafarsa a waje da jallabiya. Ya ɗaga wandon hawa da yatsa biyu ya ce, "A cikin wannan? Gaban mutane?" Ya ɓace mana na 'yan kwanaki. Da ya dawo ya kira ni gefe. "Ya Idris, zan shiga ajin zama na manya, zan gayyaci abokaina. Ba na neman na ɗaya. Abu ɗaya nake so, kada a yi mini dariya. In na fito da mutuncina, shago ya zauna, in sabunta maka iƙama. In aka yi dariya, halas, ka nemi wani kafilin."

Na ce, "Tayyib, ya ammi." Me zan ce?

Na zaɓa masa kaya cikin waɗanda Turawa suka bari, don sun riga sun sha jiki: wata kwat shuɗiya mai duhu marar nauyi, wandon auduga da ya yi laushi, da takalmin wani injiniya mai kaurin ƙwauri. Ranar awo ya ce kowa ya fita sai ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai na roƙe shi ya saki numfashi. Ya saki, tef ya kusa ƙarewa. Kayan ba su burge shi ba ko kaɗan. Kullum sai ya ce, "Ni da nake da shago guda, ka sa mini kwancen Bature?" Kullum sai Usta ya amsa daga kusurwarsa, "Sabo ba ya shiga fili."

Doki ba matsala, mun ba shi Shahin, tsoho ne mai haƙuri. Matsalar sirdi ce. Abu Faisal ya hau doki yana yaro, amma a sirdi mai tudu gaba da baya, wanda ke riƙe mutum. Na Ingila kuwa sumul yake kamar faranti. A tafiya lafiya lau, a sassarfa da dama-dama, amma da an ce sukuwa aka zo kwanar da ke gaban rumfar 'yan kallo, sai doki ya yi hagu, Abu Faisal ya ci gaba da tafiya a miƙe. Na ɗaga shi daga yashin kwanar nan har na haddace nauyinsa. Ga shi kuma a duƙe yake zama. In muka ce ya miƙe sai ya miƙe, kafin ka ƙifta ido ya koma.

Ana jibi gasa aka yi gwaji na ƙarshe, maɓallin wando ya ƙi haɗuwa, don an yi bikin wani ɗan'uwansa a makon. Keken ɗinkin shago ya lalace tun lokacin yaƙi, sai na naɗe wando da kwat da farar riga na kai wa Rakiya, tana da keke a gida. Na ce, "Ummu Hassan, ki ƙara wa wandon nan ƙugu, ki matsar da maɓallan kwat. Shi ke nan."

Ta ɗaga kwat ɗin ta shinshina. "Waɗannan ne kafili zai sa ranar taro?"

"Su ne."

"Gaban abokansa?"

"Ke dai ki ƙara ƙugu."

Ta naɗe kayan ta ajiye, ni kuma na ɗauka ta ji. Ku da ba ku yi aure ba, ku riƙe wannan.

Sai kun san wace ce Rakiya. Ko makaranta Hassan zai tafi sai ta turara masa riga. A wurinta kayan da ba su sha sitaci ba kayan barci ne. Ta kuma san abin da ke rataye a kan ranar nan, don na gaya mata. Sai ta ga in ta bar kafili ya fita cikin tsummokara masu warin doki, ita ta kashe gidanta da hannunta. Ta yi ɗinkin da na ce tsaf. Sannan ta kai wa Malam Hamidu mai wanki da guga, mutumin da duk Karantina ke kai wa shadda ranar jajibirin Sallah, ta ce na kafili ne, kada ya yi rowar sitaci. Bai yi ba. Da kayan suka dawo ta kifa kwando a kan kaskon turaren wuta, ta shimfiɗa su a kai, ta bi su da humra. Ranar gasa da safe ta miƙo mini ƙunshi a takarda, an ɗaure da zare, ta ce, "Abu Hassan, kada ka buɗe sai can, saboda ƙurar hanya." Na ji ƙamshi, na ɗauka na ɗakinmu ne ya kama takardar.

A shago na kwance ƙunshin. Wando ya fito a miƙe, an yi masa karin guga mai kaifi daga ƙugu har ƙasa. Na jingina shi da bango don in duba kwat, da na waiwayo yana nan tsaye da ƙafafunsa, shi kaɗai. Usta Bashir ya sa tabarau, ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, sannan ya ja da baya ya yi masa sallama. Ni ko kallona bai yi ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kwashe su zan nufi kwamin ruwan dawaki in jiƙa in tattake, ko Allah zai sa su bushe kafin a kira aji. A bakin ƙofa na yi karo da Abu Faisal, ya zo da wuri, abokansa suna biye da shi cikin fararen jallabiyoyi. Ya ga kwat tana ƙyalli, ya ji ƙamshi, fuskarsa ta washe.

"Masha Allah. Yau na ga kaya. Ashe kana da su ka ɓoye mini?"

"Ya ammi, ba a hawa da waɗannan. Ka ba ni ɗan lokaci in gyara."

"Ka gyara su koma tsumma? Yalla, kawo."

Abokansa suna ta shafa kwat suna yabawa. A gabansu ba zan iya ja da shi ba, sai na miƙa.

Sa wandon sai da ni da Usta muka kama masa. Ya fito yana tafiya ƙafa a ware kamar ɗan kaciya. Muka karya masa gwiwoyin wandon da hannu, muka hau da shi kan ganga, daga ganga muka tura shi kan sirdi, wando yana ƙara kamar ana yaga kwali. Shahin ya juyo ya shinshini gwiwarsa, ya yi atishawa, ya kafa kunnuwa. Tsohon dokin nan da sai an roƙe shi yake ɗaga ƙafa, ranar humra ta farkar da shi. Abu ɗaya na lura da shi: kwat ta ƙi lanƙwasuwa, saboda haka Abu Faisal ko yana so ko ba ya so a miƙe yake zaune.

Ajin yara ya ja lokaci. Rana ta ɗaga, iska ta tsaya, kun dai san gumin Jidda. Abu Faisal yana kan doki yana jira, don ba wanda yake da ƙarfin sake ɗora shi in ya sauka, zufa tana ta zuba. Can na ga wani farin ruwa mai kauri yana gangarowa ta bayan takalminsa. Sitaci ya fara komawa koko. Na ce a raina ta faru ta ƙare, na fara tunanin yadda zan gaya wa Hassan cewa akwai wani gari wai shi Katsina.

Alƙaliyar wata tsohuwar Baturiya ce da ba ta gudu ba lokacin yaƙi, siririya, ba ta dariya. Aka shiga fili. Tafiya lafiya, sassarfa lafiya. Ta ɗaga hannu a yi sukuwa. Na matsa kusa da kwanar nan, inda na saba tsayawa, don in ɗauke shi da wuri kafin dariya ta yi nisa. Shahin ya taho da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Daidai rumfa wani abokin Abu Faisal ya miƙe yana kaɗa masa hirami, doki ya zabura ya yi gefe. Na ga kafaɗar Abu Faisal ta tafi, na ga ƙafarsa ɗaya ta fita daga likkafa, na ga bakinsa yana salati. Na miƙa hannuwa. Amma mazaunansa ko motsi ba su yi ba. Jikin ya yi lilo ya dawo, kwat ta miƙar da shi, suka wuce ni. Da suka sake zagayowa ma haka. Rumfa ta ɗauki tafi, ni ina tsaye da hannuwa a miƙe, ba abin da ya faɗo.

Aka jera dawaki a tsakiya. Baturiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kansa ta yi atishawa, ta sake yi, ta ciro hankici. Ta daɗe tana kallon karin wandon. Usta yana jin Turanci, shi ya fassara mana daga baya. Wai ta ce ba ta taɓa ganin sabon mahayi da ya zauna daram haka ba, kuma ba ta taɓa ganin kayan da ba su dace da fili ba irin waɗannan, na ɗaurin aure ne. Ba ta ba shi na ɗaya ba, ba ta ba shi na biyu ba, amma ta maƙala wa Shahin wani ɗan koren ƙyalle a linzami. Abokansa ba ruwansu da launi, ƙyalle dai ƙyalle ne, suka yi ta sa masa albarka. Ba wanda ya yi dariya.

Sauran mahaya suka sauka. Abu Faisal bai sauka ba. Ya yafito ni da ido, na matsa, ya sunkuyo iya yadda kwat ta bari, murmushi a fuska saboda jama'a, ya ce a hankali, "Ya Idris, na kasa tashi."

Na kama linzami, na ce wa mutane doki ya yi zafi, sai an zagaya da shi ya huce. Na ja su muka bi ta gaban rumfa, yana ɗaga wa abokansa hannu, muka zagaya bayan barga inda ake tara ciyawa. Usta ya biyo mu da buta. Muka gwada jan Abu Faisal, ya ce mu bari, wando zai tsaya shi ya fita. Sai muka kwance ɗamarar sirdi, muka sauke shi da sirdin gaba ɗaya. Ya tsaya a ƙasa ƙafa a ware, sirdi a manne, likkafu suna reto. Usta yana zuba ruwan ɗumi ta baya, ni ina ɓamɓarowa a hankali da bayan cokali. Shahin yana cin ciyawa yana kallonmu. Haka muka yi ta yi har sirdin ya rabu da shi.

Abu Faisal ya daɗe yana kallon sirdin a ƙasa. Ni kuwa na riga na sallama.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Iyalina ce, ya ammi. Ba ta sani ba, girmama ka ta yi."

"Wa ya san abin da ya riƙe ni?"

"Ni da Usta. Sai doki."

Ya karɓi jallabiyarsa ya zura a kan kayan, ya ce, "To, ya tsaya a nan." Ya koma wurin abokansa. Muna jinsa daga nesa yana gaya musu cewa sirrin abin duk a gwiwa yake.

Mai tayoyi bai ƙara zuwa ba. Abokan Abu Faisal suka fara kawo 'ya'yansu, wasu ma da kansu, kowa yana neman wando irin nasa, ni kuma ina ba su mai laushi ina cewa su yi ta sawa tukuna. Da iƙama ta fito shi ya kawo ta da kansa, cikin leda, tare da kwalbar turare. Na miƙa hannu biyu, ya janye. Ya ce, "Ba taka ba ce. Ka kai wa Ummu Hassan, ka ce ina gaisuwa. Ka ce kuma kada ta ƙara."

Na kai mata. Ta buɗe ta duba sunanta da na yara. Sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ka ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Da na bi ta taku kai da Usta, da yanzu muna cikin jirgi." Na buɗe baki zan yi mata bayanin doka ta farko da ta biyu, ita kuwa ta riga ta miƙe. Ta sa takardar a akwatinta. Tun daga ranar a can take kwana, ita ke miƙo mini da safe, da yamma in mayar.

Usta Bashir bai canza dokokinsa ba, ni ma ban canza ba, kuma kada wani a cikinku ya je ya ce na ce a sa wa wandon hawa sitaci. Allah ne ya rufa asiri, irin wannan ba a gwadawa sau biyu. Sai dai kafin Usta ya koma Sudan ya ƙara doka ta uku: kayan gasa ba sa kwana a gidan mai aure.

Abu Faisal ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, ya yi mana halacci har ƙarshe, shi ya sa sai yanzu bakina ya buɗe. Sirdin bai ƙara shiga fili ba, don sitaci ya ci fatar, duk sabulun da na sa tabon ya ƙi fita. Shi ne a kan dokin katako. Anas, ka gaya wa abokinka mai lilo da ƙafafu cewa tabo biyun nan ba ado ba ne. Yanzu ya san shatin me ya zauna a kai.